Ƙariya: Itaciyar Fure Mai Jure Fari da Yadda Ake Renonta

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Hausa ya san labarin lambun makaranta. Da zarar damina ta faɗi, sai a share gaban ofis da gaban azuzuwa, a dasa furanni, a jera duwatsu a shafe su da farar ƙasa. Wata uku ko huɗu wurin ya yi shar, gwanin ban sha'awa. Amma daga ranar da ruwan sama ya ɗauke sai ban-ruwa ya koma wuyan ɗalibai, kowa da bokitinsa. Kafin watan Maris rijiya ta ja baya, famfo ya ƙafe, ruwan sha ma sai an yi layi, balle na fure. Daga nan lambun ya bushe ƙurmus, a zauna jiran wata daminar a sake sabon lale.

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan aka ce milimita 1 na ruwa, ana nufin lita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1. A tsakiyar bazara, a wurare irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi, fili mai ciyawa ko furanni masu son ruwa yakan yi asarar kimanin milimita 6 zuwa 8 kowace rana. Watau ɗan lambu mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2 yana bukatar lita 60 zuwa 80 a yini, kusan jarka uku ke nan irin ta 'yan garuwa. Makarantar da ke sayen ruwan girki ba za ta iya wannan ba, haka ma magidanci.

Saboda haka matsalar tana wajen zaɓen abin da ake dasawa. Galibin furannin da muke sha'awa 'yan asalin ƙasashe masu yawan ruwan sama ne. Alhali kuwa a dajinmu akwai wata itaciya wadda ba ta cika baje kolin furanninta ba sai lokacin da sauran tsirrai suka sunkuyar da kai. Ita ce ƙarya, wadda wasu ke kira ƙariya. A wannan maƙala za mu riƙa rubuta ta ƙariya, domin bambanta ta da ƙaryar baki.

Sunanta da Asalinta

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan karin magana yana da harshen damo, domin ya hau kan maƙaryaci, ya kuma hau kan itaciyar, wadda ake ganinta shekara da shekaru a ƙofar gida tana fure jingim amma da wuya a ga ɗanta. Nan gaba za mu ga abin da ilmin tsirrai ya ce game da wannan zargi.

A kimiyyance ana kiranta Adenium obesum. Wanda ya fara bayaninta a rubuce ga masana shi ne Peter Forsskal, ɗalibin shahararren masanin nan Linnaeus na ƙasar Suwidin. Yana cikin ayarin bincike da Sarkin Denmak ya tura ƙasashen Larabawa a 1761, ya kuwa gamu da itaciyar a Yaman, inda zazzaɓi ya yi ajalinsa a 1763. Sai a 1775 aka buga bayanan da ya bari. A 1819 masana biyu, Roemer da Schultes, suka ba ta sunan da take amsawa yanzu. Kalmar farko ta samo asali daga Aden, birnin nan na gaɓar teku a Yaman, ta biyun kuwa Latinanci ce mai ma'anar ƙiba, saboda kaurin gindinta.

Ƙariya tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Senigal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi har Sudan, ta gangara Habasha da Somaliya da Kenya da Tanzaniya, ta kuma tsallaka zuwa kudancin tsibirin Larabawa. Ta fi son tsandauri da gefen duwatsu da jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya. A wajenmu tsayinta yakan kai mita 1 zuwa 3. Tana da wata 'yar'uwa a tsibirin Sokotira na Yaman wadda kaurin gindinta kan zarce mita 2. A tsarin dangin tsirrai, gidansu ɗaya da tumfafiya da kuma kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Mai karatu ya riƙe wannan zumunta, za ta yi mana amfani.

Yadda Take Jure Fari

Kafin mu gane dabarar ƙariya, wajibi ne mu tuna yadda tsiro ke asarar ruwa. A jikin ganye, musamman ta ƙarƙashinsa, akwai dubban 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ta nan iskar kabon dayoksaid ke shiga, wadda ganye ke haɗawa da ruwa da hasken rana ya sarrafa abinci. To amma ƙofar da iska ta shiga, ta nan ruwa ke fita a matsayin tururi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso ta haka yake salwanta. Tsiro yana tsaka mai wuya ke nan: in ya buɗe ƙofa ya yi asarar ruwa, in ya rufe ya kwana da yunwa.

Ƙariya tana warware wannan da dabaru uku. Ta farko ita ce rumbun ruwa. Gindinta da manyan saiwoyinta a kumbure suke, cike da ƙwayoyin halitta masu laushi kamar soso, waɗanda ke ɗiban ruwa da abinci a damina su ajiye. Siffar tulu da gindin yake da ita ba ta banza ba ce. Idan aka zuba kofin ruwa a faranti aka kuma zuba wani a kwalba aka ajiye su a rana, na faranti ne zai riga ƙafewa, domin fuskar da ya ba iska ta fi faɗi. Haka jiki mai kauri yake adana ruwa fiye da siriri. Kuka ma irin wannan dabara take yi, alhali ba su haɗa dangi ba, don ita kuka gidansu ɗaya da kuɓewa da rama da auduga. Yanayi iri ɗaya ne ya sa suka yi kama.

Dabara ta biyu tana ga ganye. Ganyen ƙariya kakkaura ne, mai santsi da ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma, kuma a ƙarshen reshe kaɗai yake taruwa. Wannan rufi yana rage ruwan da ke tsiyaya ta fatar ganye. Dabara ta uku kuwa ita ce mafi tsanani: idan fari ya yi ƙamari, ko sanyin hunturu ya shigo, sai ta kaɗe ganyen gaba ɗaya ta tsaya tsirara. Ba ganye, ba ƙofar fitar ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka mutuwa ta yi, alhali barci take.

Daga cikin wannan ajiya ne take fitar da furanni a rani, musamman da bazara. Furen kamar ƙaramar kakaki yake, mai leɓɓa biyar, ja-ja ne ko ruwan hoda, cikinsa kuma fari-fari. Masana suna ganin akwai riba biyu a nan. Fure a kan reshen da ba ganye ya fi saurin jan hankalin ƙwari masu yin barbara, a lokacin da furanni suka yi ƙaranci a daji. Bugu da ƙari, 'ya'yan sukan nuna daf da faɗuwar damina, iri ya zuba a kan gaɓar da zai sami danshi.

Shin da Gaske Ba Ta 'Ya'ya?

Haƙiƙa tana yi. Ɗanta kwanso ne biyu a haɗe ta gindi, kamar ƙahonnin ɗan maraƙi, kowane yakan kai tsawon taƙi. Idan ya bushe sai ya tsage, iri ya fito, siriri kamar guntun tsinke, da tuntun gashi a kowane ƙarshe wanda iska ke ɗauka da shi.

Abin da ya sa ba a cika ganinsa a gari ba abu biyu ne. Na farko, a cikin furen sassan da ke ɗauke da garin barbara sun haɗe kai kamar jinkar ɗaki sun lulluɓe sashen mace, ta yadda iska ko ƙuda ba sa iya kai garin inda ake bukata, sai ƙwaro mai dogon siririn baki. Na biyu, galibi ƙariya ba ta cika ɗaukar garin kanta ba, tana son na wata. A gari kuwa yawanci reshe ake karyowa daga gidan maƙwabci a dasa, shi ma daga wani gidan ya samo. Sai a wayi gari ƙariyoyin unguwa guda duk jikin uwa ɗaya ne, ko da sun kai hamsin. Kakanninmu sun lura daidai, dalilin ne kimiyya ta ƙara mana.

Zaɓen Wuri da Ƙasa

Shekarun baya na raba wa wata makarantar sakandare dashen ƙariya guda shida. Bayan wata biyu na koma na tarar biyar sun ruɓe, gindinsu ya yi laushi kamar dafaffen kabewa. Da na bincika, sai na ji an sa wa kowace ɗalibi mai ba ta ruwa safe da yamma, kuma ba wanda ya taɓa fashi. Ta shidan da ta tsira tana bayan ɗakin gwaje-gwaje ne, inda aka manta da ita. Wannan shi ne babban darasin renon ƙariya: ruwa ya fi kashe ta a kan fari.

Dalili kuwa shi ne saiwa ma numfashi take. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan sarari masu riƙe iskar oksijin. Idan ruwa ya cika su ya daɗe, saiwa takan shaƙe, ƙwayoyin cuta dangin funfuna su sami ƙofa, gindi mai cike da ruwa da abinci kuwa ya zama musu liyafa.

Don haka a zaɓi wurin da rana ke bugawa aƙalla awa 6 a yini. A guji ƙarƙashin indararo, da bakin kwata, da wurin alwala, da duk wani kwari da ruwa ke taruwa. Ana iya gwada ƙasa cikin sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa. Idan ya tsotse cikin awa ɗaya ko biyu, ƙasar ta yi. Idan aka kwana aka tarar da ruwa, laka ce, sai an gyara. Gyaran shi ne a haɗa kashi 2 na yashin rafi mai tsakuwa, da kashi 1 na ƙasar gona, da kashi 1 na takin da ya ruɓe sosai, a ƙara ɗan dakakken gawayi. Da wannan haɗi za a tayar da tudu mai tsayin santimita 20 zuwa 30, a dasa a kansa, a bar kafaɗar gindin a waje. A bar tazarar mita 1 da rabi zuwa 2 tsakanin itaciya da itaciya. A kewaye gindin da tsakuwa ko marmara maimakon ciyawa, domin ciyawa tana riƙe danshi tana kuma kiran gara.

Wanda ba shi da fili, tukunyar ƙasa ta wadatar, muddin an huda gindinta. Ta fi ta roba, saboda tana fitar da danshi ta jikinta kamar yadda randa ke yi. A wurare masu yawan ruwan sama da sanyi, irin su Jos, tukunyar ce ma ta fi, don a iya janye ta ƙarƙashin rumfa a watan Agusta. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin santigiret yana cutar da ƙariya, musamman idan ƙasarta a jiƙe take.

Iri ko Reshe

Hanya biyu ake bi. Idan da iri ne, a nemi sabo, domin ƙarfinsa yana raguwa cikin 'yan watanni. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a yayyafa ƙasa kaɗan a kansa, a ajiye a inuwa mai haske. Da zafin bazara yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tun yana ɗan wata biyu za a ga gindinsa ya fara tasowa kamar ƙaramar albasa. Yakan fara fure cikin shekara ɗaya ko biyu. Amfanin iri shi ne yana ba da kakkauran gindi mai kyan gani, kuma kowace itaciya daban take da 'yar'uwarta, don haka za su iya yi wa juna barbara.

Idan da reshe ne, a yanko mai kaurin babban yatsa da tsawon santimita 15 zuwa 20 da wuƙa mai tsabta. Kada a dasa nan take. A ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sa'an nan a kafa shi cikin yashi mai ɗan danshi. Ƙarshen bazara ya fi dacewa da wannan aiki. Reshe ya fi saurin fure, sai dai gindinsa ba ya yin tulu da wuri.

Akwai hanya ta uku, watau aure irin wanda ake yi wa mangwaro. Da ita masu lambu a Tailan da Taiwan suke yaɗa ɗaruruwan nau'o'in da suka ƙirƙiro, farare da jajaye wur da masu ninkin leɓɓa, suna sayar wa duniya. Abin lura ne a ce itaciyar da muke wucewa a gefen hanya ta zama hajar kasuwa a wata nahiya. Sai dai wannan kada ya sa a shiga daji ana tumɓuke manya. Mai kaurin gindi da ka gani a kan dutse wataƙila ta girmi mahaifinka, kuma sau da yawa ba ta jure ƙaura.

Ban-Ruwa, Taki da Ƙwari

Ƙa'idar ɗaya ce: a ba ta ruwa ya ratsa sosai, sa'an nan a ƙyale ta har ƙasa ta bushe. A soka tsinke ko yatsa, in ya fito da danshi a dakata. Ƙananan tsirrai suna son ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Wadda ta kafu a ƙasa kuwa, rabin bokiti duk bayan kwana goma ko mako biyu ya ishe ta a bazara. Ta tukunya takan so sau ɗaya a mako. A damina ba a ba ta komai. A hunturu, idan ta zubar da ganye, sau ɗaya a wata ya isa. Mai karatu ya kwatanta wannan da jarka uku a yini da muka lissafa a farko.

Gindin da kansa yana ba da labari. Idan ya ɗan yamutse alhali ƙasa a bushe take, ƙishi ne, ruwa zai mayar da shi cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa ya yi laushi, ganye ya yi rawaya, ƙasa kuma a jiƙe, ruɓa ce. Sai a tono ta, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga farin nama, a barbaɗa garin gawayi, a shanya a inuwa mako guda, a sake dasawa cikin busasshen yashi.

Taki kaɗan take so, cikin tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓe a farkon damina. Yawansa yana sa ta zuba ganye ta rage fure. Daga cikin ƙwari, an fi ganin darɓa mai launin rawaya, irin wadda ke kan tumfafiya, tana taruwa a kan toho. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya yana maganinta. Akwai kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai cinye ganye, wadda tsince ta da hannu ya wadatar.

Hattara da Dafinta

Mun faɗa cewa ƙariya 'yar'uwar kwankwani ce. Duk jikinta, daga saiwa har fure, akwai dafi, kuma a sassa da dama na Afirka an yi amfani da ruwanta wajen dafin kibiya da kashe kifi. Wannan ma dabarar tsira ce, domin tulun ruwa a tsakiyar fari ba zai kwana ba in babu mai gadi.

Dafin nata dangin sinadaran da ake kira gilaikosaid na zuciya ne. A fatar kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani ɗan famfo mai fitar da sinadarin sodiyam yana shigo da fotasiyam. Masani Jens Skou na Denmak ne ya gano shi a 1957, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1997. Gilaikosaid yana toshe wannan famfo, sai kalsiyam ya taru a tsokar zuciya, bugunta ya ƙara ƙarfi. Maganin digokzin da likitoci ke ba wasu masu ciwon zuciya haka yake aiki, amma da awo ƙanƙane ƙwarai, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba ba ta da yawa. Idan ya zarce, sai amai da gudawa da jiri, bugun zuciya ya rikice, har ta iya tsayawa. Saboda haka jiƙa saiwa ko ɓawon ƙariya a sha da sunan magani ganganci ne.

Mai yankan ta ya sa safar hannu ko leda, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da wuƙa da sabulu. Kada a yi asuwaki ko tsinken nama da reshenta, kada a zubar da rassan da aka sare inda awaki ke kiwo. Ba ta dace da filin wasan ƙananan yara ba. Idan yaro ya tauna wani sashe nata, a garzaya da shi asibiti tare da guntun itaciyar, kada a jira alamu su bayyana.

Aikin Gwaji ga Ɗalibai

Malaman ilmin halittu za su iya mayar da ƙariya ɗakin gwaji. Na ɗaya, a ɗaura farar leda a kan reshen ƙariya mai ganye, a ɗaura wata a kan reshen darbejiya mai kimanin yawan ganye ɗaya, a bar su daga safe zuwa azahar, a auna ruwan da ya taru a kowace. Na biyu, a yi alama a gindin, a riƙa auna kewayensa da tef ɗin tela a farkon kowane wata har shekara, a zana jadawali a kwatanta shi da lokutan damina da rani. Na uku, a sami ƙariya biyu da aka shuka daga iri, a zura gashin wutsiyar doki mai ɗan danshi can cikin furen ɗaya, a zaro, a zura cikin na ɗayar. A maimaita a furanni da yawa, a ɗaura musu zare don shaida. Idan kwanso ya fito, a naɗe shi da zare kafin ya tsage, don kada iska ta riga ku.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ƙariya tana tara ruwa a gindinta, tana tsimin sa ta hanyar ganyenta, tana kuma kare shi da dafi. Duk ƙa'idojin renonta daga nan suka fito: rana mai yawa, ƙasa mai tsiyayar da ruwa, ban-ruwa jefi-jefi, da taka-tsantsan wajen taɓa ta. Makarantar da ta shuka iri goma a bazarar bana, ta kuma iya kame hannunta daga yawan ban-ruwa, tana iya ganin furen farko kafin 'yan aji huɗu na yanzu su kammala. Ajin da ya yi nasarar samun kwanso kuwa sai ya raba irin ga makarantun da ke maƙwabtaka da shi.